Garin Magani a Ruwan Kanwa

Jiya a kasuwar Kore Mairuwa na tsaya ina kallon ɗayanku, ku matasa masu maganin dabbobi, yana yi wa tunkiya allura. Bai ɗaga fatar idonta ya ga ko da jini ba, bai duba gindin wutsiya ba, bai tambayi mai ita abin da ta ci ba, ko saukowa daga kan moto, babur ɗin nan nasa, bai yi ba. Ya zuƙo magani, ya soka, ya tayar da moto ya bar mu da hayaƙi. Kai! Na ce wa na kusa da ni, in dai wannan ne aikin, ashe mu wahalar banza muka sha. To ku matso, tunda kun ce in ba ku labarin sana'a. Ba mai daɗin kaɗai za ku ji ba. Akwai wata maraƙa da na kashe ba tare da na ɗora mata wuƙa ba, kuma saboda ita nake wannan surutun da kuke cewa ya yi yawa.

Aikin farko da Nomau ya sa ni shi ne dafa sirinji. Nomau maigidana ne, ma'aikacin gidan dabbobi a Dogon Dutsi, wani dogon mutum mai ƙarancin magana da saurin ranƙwashi, Allah ya jiƙansa. Sirinjinmu ta gilashi da ƙarfe ce, ba irin taku ta roba da ake yarwa ba. Sai ka kwance ta gaɓa-gaɓa, ka jera a gwangwanin madara, ka zuba ruwa, ka ɗora a kan duwatsu uku, ka zauna kana hura wuta har ta tafasa sosai. Allura in ta dakushe ba a jefarwa, a dutse ake wasa ta kamar aska. Damina guda da rani guda na yi ina dafa sirinji, ina riƙon ƙafar baya, ina shan harbi, ban soki ko kaza ba. Ranar da na yi gunaguni Nomau ya ce, "Gaggawar mi kaka yi? Wanda bai iya riƙon ƙahwa ba, ƙaƙa za shi riƙe allura?"

Darasi na biyu kashi ne. E, kashin dabba, kada ku yamutsa mini fuska. In muka isa garke da safe, kafin Nomau ya dubi saniya sai ya zagaya makwanci da ɗan tsinke a hannu, yana tona kashi ɗaya bayan ɗaya yana sunsuna. Wannan ta sha ruwan tabki mai tsutsa. Wannan sabuwar ciyawa ce ta yi mata yawa, gobe za ta daidaita, ba ta buƙatar komai. Wannan kuwa, mai majina da ɗigon jini da warin da ke bugun hanci, a nemo mai shi yanzun nan. Sai an nemo ta zai zaro tarmomita ya sa mata a dubura, sannan ya ɗauko igiyar awo ya zagaya ƙirjinta, don daga faɗin ƙirji ake gane nauyi, daga nauyi ake gane yawan magani. Sai mu duba shanu goma, biyu su sha allura. Sauran ya ce a ba su inuwa da ruwa mai kyau, mai garke yana ta ɓata rai don gani yake an yi masa rowa.

Wata tsohuwa a Matankari ta taɓa aikowa wai doguwa ta taɓa mata akuya. Kafin in isa an ƙona turare, an kira mai garaya. Na tarar da ciki ya kumbura tam, ashe shiga ta yi inda ake shanya wake ta ci har ta ƙoshi. Na soka mata ƙarfen sace iska a kwiɓin hagu, cikin ya sauka, akuya ta miƙe. Tsohuwa ta ce ai mai garaya ne ya yi rabin aikin, ta ba shi zakara, ni ta ba ni ƙwai uku. Haka masu kiranmu suke. Mata masu kiwon ragon Layya, mace ta rantse maka da Allah ba ta ba shi komai ba sai dusa, ga kwanon tuwon jiya nan a gefensa an lashe. Masu shanun huɗa kuwa ba sa nemanka sai sa ya kwana uku a kwance, ka zo su tsaya a kanka suna jiran ka tashe shi kafin azahar don akwai gonar da ba a gama ba.

Abin da ya fi komai daraja a kayan Nomau wani garin magani ne rawaya, da ɗan'uwansa na allura mai kauri kamar mai. Su ne masu kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, masu kawo zazzaɓi da zawo. A akwatin ƙarfe yake ajiye su, makulli a wuyansa. Ba ya ba lafiyayyar dabba, ba ya rage awo, in kuma ya ce kwana biyar, ko dabba ta tashi tana tsalle a kwana na biyu sai an cika biyar ɗin nan. Maganin kuwa yana ci a zamanin, wallahi. Na ga ɗan maraƙi da aka riga aka wasa masa wuƙa, ido ya faɗa, kunne ya yi sanyi, aka yi masa allura da hantsi, washegari yana tunkuɗar hantsar uwarsa. Mai shi ya kama hannun Nomau yana ta godiya. Irin wannan ranar ce ke sa ka manta da ƙaya da rairayin da ka tura keke a ciki.

Da Nomau ya yi ritaya ya koma gida, na ci gaba da kekena da jakata, ina zagaya rugage da ƙauyuka tsakanin Dutsi da Kore Mairuwa. Lokacin magani ya fara yawa. Abin da a da ake kullewa a akwati sai ga shi a faifai ranar kasuwa, a cikin rana, kusa da mai sayar da barkono.

Ranar da na fara zuwa rugar Hammadi, bijiminsa ne ya karya ƙaho a wurin faɗa, jini yana zuba kamar an fasa tulu. Na ɗaure, na ƙona bakin, na tsayar da jinin. Hammadi Bafulatani ne, siriri, mai jajayen shanu masu dogon ƙaho, ni kuwa Ba'are, kun san tsakaninmu da su sai wasan taubasai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe bawana ya iya wani abu ban da cin tuwo." Na ce, "Kawo nono, ɗan daji, tun ban sa an kore ka daga ƙasar kakana ba." Daga ranar shanunsa suka zama a hannuna. In na iso da rana tsaka matarsa za ta dama fura a ƙwarya ta zuba kindirmo har ludayi ya tsaya, mu zauna gindin gawo muna zagin juna har rana ta yi sanyi. Ban ƙara shan fura irin wannan ba.

To ga inda na ɓata. Fulani suna da al'adar ba shanu kanwa. Daga lokaci zuwa lokaci sai a jiƙa ta a kwami, kwalekwalen itacen nan da ake shayarwa a bakin rijiya, garke duka ya sha, babba da ƙarami. A wurinsu abin kunya ne ka ba wata saniya abu ka hana ta kusa da ita. Wata rana na gama ba ƴan maruƙa biyu garin rawaya, Hammadi ya tsaya yana kallon ragowar da ke cikin takarda. Ya ce, "Kai Ba'are, rowa gare ka. Ka ba wagga, ka hana waccan. Su duka hwa nawa na." Kanwa tana jiƙe a kwami a lokacin. Ina dariya na juye ragowar a ciki na motsa da sanda, na ce, "To ga shi, kowa shi samu, ka bar min kunne."

Daminar ta zo da kyau, shanun suka yi ƙiba, gashi yana sheƙi. Hammadi ya ba makwabta labari, makwabta suka ba nasu. Kafin shekara ta zagayo an sa wa abin suna, kanwar likita. Duk rugar da na sauka sai a ce in zuba. Na riƙa zubawa da faɗuwar ruwan farko, da lokacin da za su tashi zuwa tudu su bar wa manoma fadama, da duk ranar da mai garke ya ga kamar shanunsa sun yi sanyi. Awon maruƙa biyu ga garke guda. Na san da Nomau ya gani sai ya fasa mini kai. Amma abin da nake faɗa wa kaina shi ne, ai ɗan kaɗan ne, in bai yi amfani ba ba zai yi ɓarna ba. Ina jin daɗin sunan kuma, ba zan ɓoye muku ba. Na fi shekara bakwai ina wannan a kwamin Hammadi.

A garkensa akwai wata tsohuwar saniya, Nyale. Daga jinin saniyar kakansa take, jinin da ya tsallake manyan fari guda biyu bai yanke ba, kuma ita kaɗai ta rage mace a layin. Sai ta yi ta haihuwar maza. Da tsufa ya kama ta, kowa ya cire rai, sai ga maraƙa, ja kamar uwarta, da farin tabo a goshi. Ba a yi sati biyu ba matar Hammadi ita ma ta sauka, aka samu ɗiya. Ina wurin ranar suna. Aka yi wa jaririya aski a kan ƙwaryar nono, aka raɗa mata Pendo, Hammadi ya jawo maraƙar nan da hannunsa gaban jama'a ya ce ta Pendo ce. Ku da ba ku zauna da Fulani ba, ku gane: maraƙar suna ita ce dukiyar yarinya. Tare za su girma, duk abin da ta haifa da abin da ƴaƴanta suka haifa na yarinyar ne, ranar da za ta koma gidan miji a kora mata abinta. Hammadi ya ce mini, "Bawana, wagga amana ta. Ko ni ka bari in mutu, ita kak ka bari."

Shekarar ce ruwa ya sauka da wuri, bakin rijiya ya zama taɓo, zawo ya shiga maruƙa. Da aka aiko mini ban ko ɗaga hankali ba. Zawon maruƙa ai abincina ne. Na isa da hantsi na tarar da guda shida a kwance ƙarƙashin rumfar kara, ta Pendo a cikinsu, wutsiya ta jiƙe sharkaf, kashi fari-fari mai warin da na sani tun zamanin Nomau. Tarmomita ta nuna zazzaɓi. Na auna ƙirji, na ba da cikakken awo na garin rawaya, na ce wa Hammadi gobe war haka za ka gan ta tana gudu.

Gobe ta yi, ba ta tashi ba. Na ce ko maganin ne ya sha rana, na buga keke har Dutsi na sayo sabo a farmasi, mai hatimi, na dawo na yi mata na allura. Kwana na uku biyu daga cikin shidan suka mutu. Ta Pendo kuwa na kama fatar wuyanta na ja, na saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, alamar ruwan jikinta ya ƙare. Muka dafa ruwa muka sa gishiri da sukari, matar Hammadi ta ɗora kan maraƙar a cinyarta tana ɗura mata da ludayi, ga Pendo a goye a bayanta. Abin da ya shiga ta baki sai ya fita ta baya. Na sauya wani maganin da nake da shi a jaka, shi ma kamar na zuba ruwa a rairayi. Tun da nake aiki ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don duk abin da na sani na yi, kuma daidai na yi shi.

Hammadi bai zage ni ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Likita, in awo na ya yi kaɗan, ba ta kwalbar duka."

Na ce, "Ba awo na ba, Hammadi. Maganin na ba shi kamawa."

Ya ce, "Shi wanga da munka yi shekara da shekaru muna ba su?"

Na ce shi fa.

Rana ta biyar da walaha maraƙar ta miƙe ƙafa. Na hana a ci naman saboda maganin da ke jikinta. Suka feɗe fatar suka cusa mata ciyawa, don Nyale ba ta sakin nono sai ta ga ɗiyarta. Kowace safiya a ajiye mata fatar nan a gaba, tana lasa ana tatsa. Ba ta sake ɗaukar ciki ba, rani biyu bayan nan ta kwanta.

Da mutuwar maruƙa ta yi yawa a rugagen yankin, aka turo wata likitar dabbobi daga Yamai, yarinya ce a kaina amma ta yi karatu mai zurfi. Ni na zagaya da ita, tana ɗibar kashin maruƙa a ƴan kwalabe, na marasa lafiya da na masu lafiya. Bayan wasu makonni ta dawo ta nuna mini hoton wani ɗan faranti da aka shuka ƙwayoyin kashin a kai, aka ɗora ƴan ƙananan takardu masu magani. Ta ce in magani yana aiki, za ka ga fili fes kewaye da takardar, ƙwayoyin sun kasa matsowa. Na duba ta garin rawaya. Sun tsiro har jikinta, sun rufe ta.

Ta ce, "Baba, cikin kowace saniya cike yake da ƙwayoyi, mafi yawansu ma taimakonta suke wurin narka abinci. In ana ba su magani kaɗan-kaɗan kullum, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Kamar mai noman da ke share ciyawa mai laushi yana barin ƙiri-ƙiri, wata rana gonar duka ƙiri-ƙiri ce. Su fita a kashi, su shiga taɓon rijiya, su hau kan nonon uwa, maraƙi ya tsotsa. Har koya wa junansu taurin suke yi. Ranar da mai cutar ya tashi, maganin ya zama ba baƙonsa ba." Sai ta ɗaga kai ta ce, "Abin da ban gane ba, har shanun da ba su taɓa ciwo ba suna ɗauke da su. Wa ke ba lafiyayyun shanu magani?"

Na ce, "Ni ne, ɗiyata."

Washegari na hau keke na tafi wurin Hammadi, don gara ya ji daga bakina. Na same shi a bakin rijiya yana jan guga. Na faɗa masa duka, tun daga ranar da na juye ragowar takarda. Ya daɗe yana naɗe igiyar guga a hannu. Sannan ya ce, "Ni na roƙe ka. Amma ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba, kai anka koya ma." Muka kife kwamin muka kankare shi da yashi, muka bar shi a rana.

Na daina zubawa tun daga ranar, na bi ruga-ruga ina cewa a daina. Wa zai ji? Abin da na yi shekara bakwai ina yabo, yau in zo in ce guba ne? Wasu suka ce Likita ya tsufa, wasu suka ce so yake a riƙa kiransa kullum. Suka koma sayen abinsu a faifai suna zubawa da kansu. Har yau in kun kasa kunne a kasuwa za ku ji ana tambayar kanwar likita, ba su ma san wane likita ba ne. Ku da kanku kun ga yadda zawon da allura guda ke tsayarwa a da, yanzu sai ku sauya magani biyu, uku, maraƙi yana ta zubewa. In ya tashi ma sai ya tsumbure, shekara biyu kamar ɗan wata takwas. Shi ya sa in na ga mutum ya soka allura daga kan moto raina ke ɓaci. Ku duba kashi. Ku auna ƙirji. Wadda ba ta da ciwo ku bar ta, ko mai ita zai kira ku marowata har gaban sarki.

Da Hammadi ba mu rabu ba. Na ci gaba da duba masa shanu, furar ma ba a hana ni ba, maganar maraƙa kuwa ba wanda ya sake tayarwa a cikinmu. Pendo ta girma a gabana, ta yi aure, ta zo gida goyon fari. Bara waccan ya aiko mini in zo, za ta koma rugar mijinta, ranar da ake kora wa mace shanunta. Na taɓa ganin irin wannan rana sau da yawa. Yarinya tana gaba da ƙorenta a ka, shanunta biyar, shida, wani lokaci fiye, suna biye da ita ba mai kora, don tare suka tashi, sun san muryarta.

Pendo ta fito da jaririnta a baya. Aka kawo mata karsana guda, baƙa, wadda uban ya sayo a kasuwar Kore Mairuwa sati biyu kafin nan. Lafiyayya ce, ni na duba masa ita. Pendo ta kira ta yadda ake kiran shanu, karsana ta juya kai gabas tana neman garken da aka rabo ta da shi. Ta sake kira. Matan da suka zo rakiya kowace ta sa ido a ƙasa. Dole aka ɗaura mata igiya a ƙaho.

Hammadi ya zo da bakin igiyar har inda nake tsaye. Ba fushi a fuskarsa, tsufa kawai. Ya sa mini ita a hannu ya ce, "Ba ta san ta ba, ba ta bin ta. Kai za ka kai mata."

Tafiyar rabin yini ce a cikin rairayi. Pendo tana gaba, ni ina baya da furfurata, ina jan karsana tana turjewa, har muka isa.